Kututture da Tarwaɗa a Gaban Kyamara

Masu fim sun iso Kirikasamma ana tsakiyar yankan shinkafa, motarsu cike da akwatuna da wayoyi, suna tambayar gidan Mala Kututture. Ba su sha wahalar nema ba, don a garin ko amaryar da aka kawo jiya ta san gidan. Suka same shi a zaure kan tabarma ya jingina da bango, hannunsa na hagu yana kan cinya kamar wani ne ya ajiye masa shi ya tafi.

Wanda bai san kokawar ƙasar Haɗeja ba, bari in faɗa masa. Tun Mala yana saurayi har furfura ta fara leƙo masa, ba a cewa an yi kokawar kaka in ba shi da Auta Tarwaɗa na cikin Haɗeja sun kama juna ba. Mala ba ya motsi. In ya kafa ƙafa, sai ka yi ta turi har ka gaji ka kai kanka ƙasa, shi ya sa ake ce masa Kututture. Auta kuwa ba ya kamuwa, ka riƙe shi nan ya sulluɓe can, sai ka ji shi a bayanka. Mutane kan zo daga Kaugama da Guri da ƙauyukan cikin fadama, wasu a ƙafa wasu a kwalekwale, don kawai su ga waɗannan biyun. Bana wannan ya kayar, baɗi wancan ya rama. In ka tambayi mutanen Kirikasamma wa ya fi, su ce Mala, in ka tambayi Haɗejawa su rantse da Auta, kuma kowa sai ya ɗan ƙara gishiri. Karawarsu ta ƙarshe kiran sallar magariba ne ya raba ta, aka tashi canjaras. Shekarar da ta biyo baya ambaliya ta cinye gonaki, ba wanda ya yi zancen wasa, daga nan kuma girma ya kama su duka.

Sai ciwo ya sami Mala a gonarsa, ɓarin jiki ya shanye. Ya yi jinya ya tashi, amma hannun hagu ya tafi, ƙafar hagu sai ja, baki ya ɗan karkace. Da sanda yake zuwa masallaci.

Shugaban masu fim ɗin wani matashi ne mai suna Abdulmannan, asalinsa ɗan Haɗeja amma a Kano ya tashi. Ya durƙusa har ƙasa ya yi gaisuwa, ya ce tun yana ƙarami mahaifinsa ke ba shi labarin Kututture da Tarwaɗa, shi ne ya ƙudurta sai ya yi fim a kansu, ba irin na wasan kwaikwayo ba, na tarihin gaskiya, da bakinsu da fuskokinsu. Gaskiya Mala ya ji daɗi, ba zai ɓoye ba. Ya sa matarsa Huseina ta fito masa da babbar rigarsa, ya zauna gaban kyamara ya yi ta zuba labari: yadda ya ɗaga Auta a Kaugama har hular wani mai kallo ta faɗi don ihu, da yadda Auta ya cuce shi da taɗiya a shekarar da aka yi fari. Yaron yana da ladabi, ba ya katse magana, kullum sai Ba Mala kaza, Ba Mala kaza, wato Baba Mala. Abu ɗaya ne Mala ya lura da shi bai so ba. Yana cikin magana sai ya ga bakin kyamarar ya sauka daga fuskarsa ya koma kan cinyarsa, inda hannun yake.

Da suka kwana biyu suna wannan aiki, sai Mala ya ce a nuna masa abin da aka ɗauka. Abdulmannan ya ɗan yi nauyin baki, ya ce ai ba a gama haɗawa ba. Mala ya ce shi ma bai gama tsufa ba amma ga shi ana kallonsa. Dole yaron ya buɗe kwamfuta ya ajiye a gabansa.

Ai fa sai ya ga kansa. Ba Kututturen da ke ba da labarin Kaugama ba, wani tsoho ya gani yana kokawa da kofin kunu, hannu na rawa, kunun yana zuba a gaban riga, Huseina ta sunkuya tana goge masa haɓa da gefen mayafi. A ƙarƙashin wannan an sa wata sarewa mai sanyi, irin wadda in ka ji sai ka tuna da matattunka. Bai ma san lokacin da aka ɗauka ba. Bayan wannan sai ga Auta a shagonsa na shinkafa a Haɗeja, ya yi tumbi, kumatu sun cika, lafiya tsaf. Ya dubi kyamara ya sunkuyar da kai ya ce Allah sarki Mala, shi yanzu ba abin da ke tsakaninsu sai tausayi, duk abin da ya wuce ya yafe.

Ya yafe! Me aka yi masa da zai yafe? Mala ya ji ɓacin rai irin wanda bai ji ba ko ranar da likita ya ce hannun ba zai dawo ba. Auta ya kayar da shi a gaban dubban mutane ba sau ɗaya ba, ya tashi ya karkaɗe jiki ya tafi gida ya ci tuwo. Amma wannan tausayin, wallahi ya fi masa kowane kaye ciwo. Kuma ya san yadda zamani yake, abin da aka sa a fim shi ne zai zauna. Waɗanda suka ga kokawarsa da ido suna ta ƙarewa, jikokinsa da jikokin Auta waya za su buɗe, abin da za su gani shi ne Kututture, ko kofi bai iya riƙewa.

Abdulmannan bai ga abin da ke fuskar tsohon ba, ko ya gani ya ɗauka motsuwar zuciya ce. Ya ci gaba da bayani cikin murna, ya ce saura abu ɗaya a rufe fim. Za a kai Ba Mala tsohon fagen da ke bakin kogi a Haɗeja, a zaunar da shi a kujera, Baba Auta ya taho ya sunkuya ya ba shi hannu, su rungumi juna. Ya ce duk wanda ya kalla sai ya yi hawaye. Mala ya ce masa ya tattara wayoyinsa ya bar masa zaure.

Bayan sun fita Huseina ta shigo da tsintsiya, ba don zauren yana da datti ba. Ta ji komai daga cikin gida. Mace ce da ba ta iya zagaye-zagaye ba, tun tana amarya haka take.

"Maigida, ko ka je ko ba ka je ba, fim ɗin nan zai fita," in ji ta. "In ba ka je ba, da kofin kunun nan za su rufe."

Mala ya dubi ƙofa, sannan ya ce ta aika a kira masa yaron. Da Abdulmannan ya dawo, Mala ya ce zai je, amma da sharaɗi ɗaya: a ɗauko Haruna makaɗi daga Kaugama, wanda ya yi musu kiɗa shi da Auta tun farko. Yaron har da tafa hannu, ya ce ai wannan ya fi sarewar ma, kiɗan asali a fagen asali. Bai san abin da ya amsa ba. Shi a wurinsa ganga sauti ce da ake sa wa a bayan hoto.

Washegari da safe Mala ya ce wa Huseina ta buɗe adaka ta ciro masa warkinsa, wato fatar da yake ɗaurawa a ƙugu in zai shiga fage. Nan ta gane. Ta zauna a bakin gado ta ce masa tsoro take ji, kuma ba ta jin kunyar faɗa. Ta tuna masa abin da likita ya ce game da faɗuwa, ta ce ita ta yi jinyar farko, ta san yadda take, ba ta son ta biyu. Ya saurare ta har ta gama. Ya ce duk abin da ta faɗa gaskiya ne, amma shi ya gwammace a kwaso shi daga ƙasa da a shafa masa kai a kujera. Ta ce masa taurin kansa ne zai kashe shi, ta tashi ta fita fuu. Can an jima sai ga ta da warkin, ta shafe shi da man gyaɗa don ya bushe ya yi tauri, ta ɗaura masa da hannunta, ta sa masa riga a kai. Ba ta bi su ba, ta ce idonta ba zai iya ba.

Bayan la'asar aka kai shi bakin kogi. Ruwa ya ja baya ya bar rairayi fari, can gefe masunta na gyaran koma. Ba a yi shela ba, amma labari ya zaga gari cewa Kututture da Tarwaɗa za su haɗu, sai ga mutane a babur da keke napep da ƙafa, tsofaffi a gaba, matasa a baya kowa ya ɗaga waya. Aka zaunar da Mala a kujerar roba a tsakiyar fili. Abdulmannan yana ta kai da kawo, a matsa nan, a yi shiru can. Ya ce wa Haruna ya riƙa kaɗawa a hankali, kada ya rufe muryoyi. Haruna, tsoho siriri wanda haƙoransa suka kusa ƙarewa, ya ce to, ya dubi Mala ta wutsiyar ido.

Auta ya taho daga gefen kogi kamar yadda aka tsara masa, cikin farar shadda, yana murmushin da aka ce ya yi. Da ya rage 'yan taku tsakaninsu, Mala ya ɗaga wa Haruna haɓa.

Ganga ta sauya. Kowane ɗan kokawa yana da takensa, kiɗan da in an buga shi kaɗai ake kira, kuma Haruna bai manta na Kututture ba. Tsofaffin da ke gaba suka gyara tsayuwa. Mala ya dafa sanda ya miƙe, da ƙyar, amma ya miƙe. Ya maƙale sandar a hammata, ya kama wuyan rigarsa da hannu ɗaya ya ja, rigar ta maƙale a kansa, ya yi ta fama har ta fita, kuma ba wanda ya yi dariya. Ga warki a ƙugu, ga ƙirjin da ya zube, ga hannun hagu yana lilo. Ya sunkuya a kan sandar ya damƙo rairayi cikin tafin hannu, ya ja ƙafa ya matsa, ya zuba shi a gaban takalmin Auta. Sannan ya yar da sandar.

A fagen nan haka ake neman karawa tun kakanni. Ka zuba wa mutum ƙasa a gabansa. In ya taka ta, ya amsa, sai kokawa, kuma ba mai shiga tsakani har sai wani ya kai ƙasa. In kuwa ya kewaye ta ya wuce, to ya ce kai ba sa'ansa ba ne. Abin da manyan 'yan kokawa ke yi wa yara masu rawar kai ke nan, kuma wanda aka kewaye wa ƙasa ba ya sake ɗaga kai a fage. A duk shekarunsu, Mala da Auta ba wanda ya taɓa kewaye ƙasar wani.

Abdulmannan ya taho da gudu yana cewa a'a, a'a, ba haka aka tsara ba, Ba Mala ba shi da lafiya. Wani dattijo ya riƙe masa hannu ya ce yaro koma baya, an zuba ƙasa. Abdulmannan ya juya zai ce wa mai kyamara ya kashe, Mala ya ce masa, ba tare da ya dube shi ba, ya bar ta a kunne, ai shi ya ce tarihin gaskiya yake nema.

Murmushin Auta ya ɓace. Ya dubi rairayin, ya dubi jama'a, ya dubi wayoyin da aka ɗaga. Ya matso da kai ya yi ƙasa da murya.

"Mala, kada ka sa ni wannan. Jikokina za su ga fim ɗin nan. So kake a ce Auta ya kayar da mai shanyewar jiki?"

"Nawa ma za su gani. Kai ka ce tausayina kake ji."

"Yaron ne ya ce in faɗi haka."

"Da bakin yaron aka faɗa ko da naka? Ga ƙasa nan, Tarwaɗa. Taka ko ka kewaye."

Mala tsoro yake ji, kuma ba na faɗuwa ba. Tsoronsa kada Auta ya yi abin da kowane mai hankali zai yi, ya kewaye ya rungume shi, jama'a su tafa, a ce kai Auta mutumin kirki ne. In haka ta faru shi ke nan, ya tsaya tsirara a gaban duniya a banza. Ƙafarsa ta dama ta fara rawa don ita kaɗai ke ɗauke da shi. Auta ya sake duban ƙasar da ke gabansa. Can sai ya cire hula ya miƙa wa wani, ya tuɓe shaddar, ya zare takalmi, ya ɗora tafin ƙafarsa a kan rairayin.

Suka kama juna. Tun daga kamun farko Mala ya ji ƙarya. Ya san hannun Auta kamar yadda ya san hanyar gonarsa, wannan ba shi ba ne. Riƙo ne irin wanda ake yi wa mara lafiya za a sa shi a mota. Sai kuma ya ji Auta yana sassauta gwiwa, yana neman inda zai zube da kansa a ce Kututture ya yi nasara. Ran Mala ya ɓaci fiye da ranar da ya ga kofin kunu. Ya kai bakinsa kunnen Auta.

"Wallahi in ka faɗi da gangan, ban yafe maka ba har gaban Allah."

Auta ya tsaya cak. Mala ya ji numfashinsa ya sauya, ya ji yatsu sun nutse masa a haƙarƙari, ya ji kafaɗa ta shigo da nauyinta duka. Yawwa, ga Tarwaɗa ya iso. Mala ya cusa hannun dama ya damƙi ƙugun wandonsa, ya kafa ƙafar dama cikin rairayi, ya saki nauyinsa ƙasa. Auta ya tura, bai motsa ba. Ya sake turawa har da nishi, bai motsa ba. Wani tsoho daga Kirikasamma ya kasa daurewa ya kwarma kirarin Kututture, Haruna yana dukan ganga kamar zai fasa ta. Mala ya ji daɗin da ya manta akwai irinsa a duniya. Da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ya tsayar da Auta Tarwaɗa, kuma da gaske Auta yake, ga jijiyar wuyansa nan ta tashi.

Abin bai daɗe ba, don ba zai yiwu ya daɗe ba. Auta ya sulluɓe gefe yadda ya saba, ya zagaya ta hagu, ta ɓangaren da ya mutu, ya sa taɗiya a ƙafar da ba ta da ƙarfi. Duk ɗan kokawar da ya ɗauki abokin karawarsa da muhimmanci nan zai nema, kuma Mala ya gane haka tun yana cikin iska. Ya faɗi da bayansa, tim, ƙugunsa ya amsa.

Fili ya yi tsit, har ganga. Sai gunaguni ya fara tashi daga baya, wajen matasa, wani ya ce Allah wadai, wani ya ce wannan ai zalunci ne, tsoho da tsoho. Auta yana tsaye yana haki, hannuwansa a sake, ya kasa duban kowa. Abdulmannan ya durƙusa kusa da Mala fuskarsa duk ta rikice, yana tambaya ko ya ji ciwo, yana cewa kada ya damu, za a yanke wannan wurin, ba wanda zai gani.

Mala ya ce in ya yanke ko da ƙiftawar ido ne, ya cire sunansa daga fim ɗin gaba ɗaya. Sannan ya juya kai, yana kwance, ya ɗaga murya iya ƙarfin bakinsa da ya karkace, ya ce wa Haruna me yake jira, an yi kaye, a buga wa mai nasara takensa.

Haruna ya goge ido da bayan hannu ya ɗora taken Tarwaɗa. Masu gunaguni suka yi shiru. Auta ya matso ya tsaya a kansa, hawaye na bin kumatunsa yana shiga gemu, bai ko share ba. Mala ya kalle shi daga ƙasa, rairayi a gashinsa, ciwo na cin ƙugunsa kamar wuta.

"Ta hagu ka biyo, ɗan banza."

"Ta nan ƙofa take," in ji Auta.

"To ka ji daɗinka bana. Baɗi in an yanke shinkafa ina nan zuwa."

Auta ya ja hanci ya ce ya zo ɗin, amma ya riƙa cin tuwo kafin lokacin, don yau bai ji nauyinsa ba. Ƙarya yake, ƙirjinsa har yanzu sama da ƙasa yake yi, kuma kowa na gani. Mala ya yi dariya har ciwon ya katse shi.

Bai iya tashi ba, sai da mutane suka taru suka ɗauke shi, za a wuce da shi asibiti a duba ƙugun. Auta ne ya riƙe shi ta wajen kafaɗu, ya hana kowa. Tun daga bakin kogi har mota Mala zagin Auta yake yi, Auta na ramawa, har aka rufe ƙofa.